Taifot, Sanƙarau da Shawara: Tsokaci Kan Kalmomin Asibiti

Akwai wata ɗabi'a a tsakaninmu ɗalibai da ya kamata a yi mata gyara, wato yi wa mutanen karkara dariya idan suka ce "taifot" ko "olsa". Mai dariyar nan bai san harshensa ba. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, don haka duk kalmar da ta shigo sai an sassaƙe ta. Ta haka doctor ya koma likita, hospital ya koma asibiti, ba kuwa wanda ya ce an yi ɓarna. Shi kansa Bature ai ba ya furta p ɗin da ke goshin pneumonia. Daga Girkanci ya aro ta, shi ma ya sassaƙe.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙirar kalma. Yawancin kalmomin likitanci haɗe-haɗe ne. A hepatitis, saiwar hepat tana nufin hanta, ɗafa-ƙeyar itis kuma kumburi. Wanda ya gane wannan ɗafa-ƙeya ya sami mabuɗin gastritis da arthritis da meningitis a lokaci guda. Amma sai ka iske ɗalibi ya haddace su kamar karatun aku, yana taƙama da lafazi, ka tambaye shi wace gaɓa ce ta kamu ya yi zuru.

Bahaushe shi da abin da ido ya gani yake raɗa suna. Sanƙarau suna ne mai kyau, domin wuya ne ke sanƙarewa, kuma uwa a ƙauye za ta gane alamar tun kafin ta ga likita. Hawan jini ma ya zauna daram. Shawara fa? Da wannan kalma guda ake kiran kumburin hanta, da zazzaɓin nan da sauro ke yaɗawa, har da ɗorawar idon jariri, alhali kowanne da sanadinsa da maganinsa. A ganina nan ne masu fassarar sanarwar lafiya a rediyo suka yi sakaci, da sun tsaya kan "ciwon hanta" inda hanta ake nufi.

A Zuru abin ya fi tsanani. Tsohuwar da harshen C'lela ne nata na gado, Hausa kuwa ta kasuwa ce a wurinta, maganar likita sai ta ƙetare gada biyu kafin ta isa kunnenta. Idan a gadar farko aka ce mata shawara, ta yiwu ta koma gida ta jiƙa saiwa, ƙwayar cutar kuwa tana can tana cin hantar.