Tumbin Giwa da Ribar Zama Ɗan Ƙungiya

Manazarta sukan fara tarihin fim ɗin bidiyo na Hausa daga Turmin Danya (1990). Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne, ƙungiyar masu sha'awar wasan kwaikwayo ce ta shirya shi, wato Tumbin Giwa ta Kano, wadda ta goge a dandamali da talabijin. Babbar ribar ɗan irin wannan ƙungiya ita ce horon baki. Yakan saba da abokin wasansa har zance ya riƙa gudana kamar hira a zaure, da karin magana da habaici. Sai dai zumunci yana da nasa aibu: da wuya a hana ɗan ƙungiya fitowa, ko da rawar ba ta dace da shi ba.