Gwanintar da ke Bayan Tagar Famasi

Hawan jini da ciwon suga ba sa jin maganin kwana uku irin na zazzaɓi. Abokan zama ne na tsawon rai, kuma wanda ya fi taimaka wa majiyyaci ya iya zama da su shi ne mai haɗa magunguna. Aikinsa ya fi fitowa fili a yanki irin Gaya da Ajingi, inda manoma ke tasowa daga ƙauyuka zuwa Babban Asibitin Gaya, kuma ba kullum ake da kuɗin motar dawowa ba.

Likita ne ke rubutawa, amma gwanin famasi ne ke daidaita maganin da rayuwar mai shi. Kafin ya miƙa ƙunshi sai ya tambaya: "Baba, ban da wannan me kake sha?" In dattijo ya ce yana sayen diclofenac a kemis saboda ciwon gwiwa, zai ja masa kunne, domin maganin yana tayar da hawan jini, yana kuma illa ga ƙoda. In mai shan lisinopril ya yi kukan busasshen tari, ko ƙafar mai shan amlodipine ta kumbura, ya san tushen abin. Sai ya mayar da shi wurin likita a sauya, maimakon ya koma gida ya daina sha a ɓoye.

Wanda bai iya karatun boko ba, sai ya ja masa layi a jikin ledar, ya ɗaura kowane layi da lokacin da ba ya mantuwa: wannan bayan Asuba, wannan bayan Isha'i. Metformin kuwa sai da abinci, don kada ya dagula ciki. Gidan da ba firji, yakan nuna yadda za a ɗaure kwalbar insulin a leda, a adana ta cikin sanyin tukunyar ƙasa. Azumi na gabatowa zai gargaɗi mai shan glibenclamide cewa suga na iya faɗuwa da rana, a gyara lokacin sha da shawarar likita. Haka kuma idonsa na kan lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Wannan ilimi ne da haƙuri, kuma yana tare shanyewar ɓarin jiki tun ba ta zo ba. Don haka in ka je karɓar magani, tsaya ka saurara, ka yi tambaya. Kada jin sauƙi ya sa ka ajiye maganinka.