Taswirar samaniyar wasu: yadda muke karatun mujallun taurari a Damagaram

A fadarmu ta unguwar Birni akwai wani kwalin sabulu da muke tara mujallu a ciki. Ba su kai talatin ba. Mafi yawansu Science et Vie Junior ne, sai Ciel et Espace guda tara, L'Astronomie guda biyu, da Sky & Telescope ɗaya tal da wani ya taho mana da ita daga Kano, bangonta a yage. Babu wadda muka saya sabuwa. Wasu mun tsinto su wajen masu baza tsofaffin littattafai a kasuwar Dole, wasu kuma wani tsohon malamin lise ne ya ba mu da zai tashi daga gidan haya. Mun karance su har takardar ta yi laushi, ko'ina tabon shayi. Don haka in na yi musu tsiya a wannan rubutu, tsiyar ɗan gida ce.

Bari in fara da alherinsu, don suna da shi. Waɗannan mujallu ba jiya aka fara su ba. Camille Flammarion ya kafa L'Astronomie a 1882, lokacin Sarki Tanimun yana kan gadon Damagaram. Sky & Telescope ta fito a Amurka a 1941, Ciel et Espace kuma ƙungiyar masu sha'awar taurari ta Faransa ce ke buga ta. Abin da shekarun nan suka koya musu shi ne ladabin magana. In sun ce abu kaza zai faru, sai sun faɗi rana da sa'a da kusurwar da za ka duba. In masana sun saɓa, sai su ce an saɓa. Daga gare su na fara jin cewa hasken rana yana yin minti takwas da ɗoriya kafin ya iso mu, kuma gajimaren taurarin Andromeda, wanda ido ke iya gani a dare mai duhu, haskensa ya baro gida shekara wajen miliyan biyu da rabi. A lakwal an koya mana sunayen duniyoyi a jere don jarrabawa, mun haddace mun manta. Mujalla ce ta ce mini fita waje ka ɗaga kai, ga ta can.

To, a wajen ɗaga kan ne rigimar take.

Kowace daga cikinsu tana da shafin da ya fi kowane daraja, wato taswirar samaniyar wata: da'ira mai ɗigo-ɗigo, an rubuta gabas da yamma a gefe, ka ɗaga ta bisa kanka ka gwada da abin da kake gani. Wani daren Nuwamba, an ɗauke wuta, muka hau dutse mu huɗu da tocila da mujalla, za mu nemo taurari bakwai ɗin nan da Faransawa ke kira Grande Casserole saboda siffarsu ta tukunya mai mariƙi. Taswira ta nuna su ƙasa-ƙasa wajen arewa, rubutun ma ya ce ba sa faɗuwa duk shekara. Muka duba, muka sake dubawa, babu. Ɗaya ya ce hazo ne, ɗaya ya ce mun riƙe takardar a juye. Har muka fara zargin idanunmu. Sai bayan kwanaki na gane cewa babu wanda ya yi kuskure a cikinmu. Taurarin suna ƙarƙashin ƙasa a wannan lokacin. A Faransa ne ba sa faɗuwa. A Damagaram suna faɗuwa kamar kowa.

Dalilin mai sauƙi ne, amma ba a rubuta shi da manyan baƙaƙe ba. Faransa tana tsakanin digiri 42 da 51 arewa da ikweta, taswirar Sky & Telescope an zana ta don mai tsaye a digiri 40, mu kuwa Zinder muna kusa da digiri 14. Tauraron arewa, wanda ba ya motsi, tsayinsa daga ƙasa daidai yake da wannan lamba. Miƙa hannunka ka dunƙule: dunƙule ɗaya wajen digiri goma ne. A Paris tauraron yana sama da kusan dunƙule biyar. A nan dunƙule ɗaya da rabi ne, wani lokaci katangar maƙwabci ma ta ishe shi ɓuya. Duk samaniyar an karkata ta ke nan. Abin da suke gani a arewa mun rasa wani sashensa, kuma a kudu muna da dukiyar da ba su taɓa gani daga gidajensu ba.

Wannan na biyun shi ya fi ci mini rai. Ka fita bayan lisha a watan Fabrairu ka fuskanci kudu. Can sama za ka ga Shi'ira, wanda ya fi kowane tauraro haske da dare. Sauko da idonka ƙasa da shi, wajen dunƙule biyu da ɗan kai daga ƙasa, ga wani farin tauraro yana ƙyalli shi kaɗai. Suhailu ke nan, na biyu a haske duk samaniya. Ba ya cikin taswirar Ciel et Espace ko ɗaya da muke da ita, don ba ya leƙowa Faransa sam. Shekara biyu ina ganinsa ban san sunansa ba, ina riƙe da mujallar taurari a hannu! A watan Mayu kuma, in ƙura ta lafa, taurarin da ake kira Croix du Sud suna fitowa ƙasa-ƙasa a kudu. A mujallun, su abin tafiya ne: sai ka sayi tikitin jirgi zuwa Namibiya ko Cile ka gano su. Mu daga kan dutsen Birni muke ganinsu, ba mu san abin a je a gani ba ne.

Haka lokutan shekara. Mujallun Faransa suna cika da murna in Agusta ta zo: dare mai ɗumi, hutu, ruwan taurari masu gudu na ranakun 12 da 13, da bikin kallon samaniya da suke yi kowace shekara tun 1991. Agusta a wurinmu tsakiyar damina ce. Hadari ya rufe sama, kuma wallahi babu manomin da zai so ya buɗe don mu ga tauraro. Abin da suke kira samaniyar hunturu, su sanyi da gajimare ke hana su. Mu hazo ne, wanda kan mai da wata kamar faifan tuwo a hayaƙi. Babu shafi ɗaya a kwalinmu da ya yi maganar yadda ake kallo cikin hazo, ko ya gaya maka cewa darare mafi tsabta su ne na bayan ɗaukewar ruwa, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, da daren da ya biyo ruwan sama mai wanke ƙura. Ko jinjirin wata, da mu ya fi shafa saboda azumi da salla, a zanensu yakan tsaya a karkace kamar lauje, alhali mu mun fi saba ganinsa kwance kamar ƙwarya. Agogo ma sai ka yi hattara: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Faransa tana gaba da mu da awa ɗaya, sauran watanni muna daidai.

Wani kuskuren namu ne, ba nasu ba, amma ya kamata duk mai karanta tsohuwar mujalla ya sani. Taurari suna komowa wurinsu kowace shekara, don haka taswirar Janairun da ya wuce da shekara goma tana aiki yau. Duniyoyi ba haka suke ba. Mushtari yana ɗaukar kusan shekara 12 kafin ya zagayo rana, kowace shekara yana wani wuri. Mun taɓa ɓata dare guda muna nemansa inda ya bari tun muna firamare.

Shafukan kayan aiki kuwa ba zan daɗe a kansu ba. Kashi mai yawa na Sky & Telescope talla ce da gwajin madubin hangen nesa, da kyamarori, da ƙafafun da ke bin tauraro da kansu. Kuɗin guda ɗaya ya fi bursar ɗalibi ta shekara. Ba laifi ba ne su sayar wa masu saye. Illar ita ce yaro ya rufe mujalla yana ganin sai mai kuɗi ke kallon sama, alhali abin da mai kuɗin Paris ke tuƙa mota awa uku yana nema, wato duhu, mu kabu-kabu zai kai mu gare shi a hanyar Mirya cikin minti ashirin.

A 2020 an fara L'Astronomie Afrique, wadda masana na Faransa da na ƙasashen Afirka ke haɗa hannu suna fitarwa kyauta a intanet. Cikinsu akwai Maram Kairé na Senegal, wanda aka raɗa wa wani dutsen sararin samaniya sunansa a 2021. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ita nake fara nuna wa duk wanda ya tambaye ni. Sai dai da Faransanci take, kuma sai kana da waya mai kyau da kuɗin haɗi. Kakata, wadda ta fi ni sanin samaniya nesa ba kusa ba, ba ta cikin masu karatunta.

Nan ne sukar ta juyo kanmu. Ita kakar tawa ba ta taɓa riƙe taswira ba, amma ta san Kaza da ƴaƴanta tana ɓacewa a bazara, in ta sake ɓullowa da asuba a gabas to a gyara iri. Abin da ta faɗa daidai yake da lissafi: rana tana rufe waɗannan taurari a watan Mayu, su sake bayyana kafin fitowarta a Yuni. Ta san Zara, ta san Gamzaki. Malaman zaure suna da lissafin taurari 28, kowane kwana 13, ɗaya 14, su cika 365. Manomi ya zo ya tambaya ko an shiga Zira'a, ko Nasara, ko Ɗarfa, kafin ya yanke shawarar shuka ko maimai. Buzayen da ke saukowa daga Abzin suna kiran taurarin Orion da suna Amanar, wato ja-gaba. Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan lissafi da taurari da Larabci tun kafin a haifi kakan Flammarion. Kuma Umaru Dembo ya nuna tun 1969, da littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya, cewa Hausa tana iya ɗaukar yaro ta kai shi sararin samaniya ta dawo da shi. Duk da haka, mu ƴan jami'a da muke taƙama da alƙalami, ba mu da ko takarda ɗaya mai fita wata-wata da za ta ce wa mai karatun Hausa ga abin da zai gani a sama daren yau.

Na san abin da ke sa wasu ja da baya. Da ka ce taurari, sai a ji duba: tauraron wane ya hau na wance, ranar kaza ba a tafiya. Wani ɗan ajinmu ya taɓa ganina da Ciel et Espace ya ce, "Kai kuma bokanci ka koma?" A nan mujallun Turawa suna da abin koyi, don sun raba ilimin falaki da duba rabuwa ta har abada, ba sa ko sassautawa. Lissafin malaman zaure shi ma yana da fuska biyu, ta kalandar noma da ta duba, kuma duk wanda zai rubuta shi da Hausa dole ya faɗi wadda ya ɗauka, ya faɗa a fili.

Abin rubutawa kuwa ga shi jibge. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da hantsi, wata ya rufe rana ruf a kan Katsina da Maraɗi da Damagaram. Ina ƙarami, abin da na riƙe shi ne kaji sun nufi akurki, manya sun nufi masallaci. Baƙi sun zo daga Turai sun shiga Tenere don wannan minti uku ko huɗu, sun koma sun cika mujallunsu da hotuna. Mu da abin ya faru a kanmu, labarin yana bakin tsofaffi kawai. A Nuwamban 2023 an tsinci dutse mai nauyin kusan kilo 25 a jihar Agadas, wanda ya faɗo daga duniyar Mirriku. A Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a New York kan dala miliyan biyar da ɗoriya, sai daga baya hukumomin ƙasarmu suka buɗe bincike kan yadda ya fita. Sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana tana tsayawa daidai bisa kan Zinder, sanda a tsaye ta rasa inuwa da tsakar rana, abin da ba ya taɓa faruwa a Faransa. Ranar 27 ko 28 ga Mayu, da ƙarfe 10:18 agogon Nijar, rana tana bisa Ka'aba, duk wanda ya fuskance ta a lokacin ya fuskanci alƙibla, ba ya bukatar wata na'ura. Wane liman ne ba zai so a rubuta masa wannan ba? Kuma ranar 2 ga Agusta 2027 wani husufin zai rufe rana gaba ɗaya a Luksor da Jidda da Makka, mu nan za mu ga ta ciyu a gefe, in hadari ya bari.

A fada mun fara gwaji. Mun ɗauki taswirar Fabrairu ta Ciel et Espace mun yi fotokofinta, mun yanke gefen arewa da almakashi, mun manna ƙarin takarda a kudu, muka ɗiga Suhailu da biro muka rubuta sunansa da boko da ajami. Ba ta yi kyau ba, mannin ya fito baƙi a kofi na biyu, amma wani ƙanena ɗan aji shida ya fita da ita tsakar gida ya dawo cikin minti biyar ya ce ya gan shi. Ta Mayu muke so mu yi yanzu, sai dai lambar Mayun ba ta cikin kwali. Wanda ya ara tun kafin azumi ya san kansa, don Allah ya maido.