Ƙarfe na Likita, Tafiya ta Mai Gashi

Mutumin da aka sauya wa gaɓar kwatangwalo yakan dawo gida da ƙarfe a jiki da gargaɗi a kunne: kada ya tsuguna, kada ya harɗe ƙafa, kada gwiwa ta haura ƙugu in ya zauna, har sai an yi mako 6 ko fiye. Faɗa ba wuya. Amma a gidan da tabarma ce wurin zama, masai na tsuguno ne, goshi kuma na neman ƙasa sau biyar a rana, ai sai da gwani.

Gwanin shi ne likitan fisiyo, wanda muka fi sani da mai gashi, ko da yake sunan ya rage masa daraja, don aikinsa ya wuce ɗumama ƙashi. Tun 1962 John Charnley ya daidaita tiyatar sauya kwatangwalo a asibitin Wrightington na Ingila, ana kuma yin ta a asibitin ƙashi na Dala a Kano. Da yawa daga masu bukatarta a nan ba tsofaffi ba ne. Matasa ne da sikila ta hana jini isa kan ƙashin cinyarsu har ya mutu. Sun shekara suna ɗingishi, tsoka ta zube. Ƙarfe ba ya mayar da tsoka.

Shi ya sa mai gashi ba ya barin majinyaci ya ji daɗin gado. Ranar aiki ko washegari zai sa shi motsa idon sawu sama da ƙasa, don kada jini ya daskare a jijiya. Sai matse cinya, a ƙirga biyar, a saki. Sai jan diddige a kan shimfiɗa. "Baba, ƙara ɗaya," haka za ka ji yana lallashi, idonsa na kan fuskar mutum, yana rarrabe zafin tsoka mai farfaɗowa da zafin da ke cewa a dakata.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsokar gefen mazaunai. Ba mai tunawa da ita, alhali ita ke riƙe ƙugu daidai duk lokacin da nauyi ya koma ƙafa ɗaya, wato a kowane taku. In ta yi rauni, sai ƙugu ya riƙa faɗawa ɗaya gefen. Don ita ake tsayar da mutum ya dafa bango yana ware ƙafa gefe, daga baya a ɗaura masa roba don ƙarin nauyi. Ko ta cikin tayar keke ta wadatar. Don ita kuma ake riƙe sanda a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya, abin da mutane da yawa ke yi a baibai.

Kafin sallama, gwani zai tambayi fasalin gida. A ɗaga gado da bulo, a kafa kujera mai rami a bayan gida, a yi salla a kan kujera tukuna. Ga dokin ƙofa kuwa: wajen hawa lafiyayyar ƙafa ce gaba, wajen sauka wadda aka yi wa aiki.