Handasa da Fasahar Raya Abin da Aka Yar: Nazari daga Ƙasar Dutse

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Shuwarin ranar cinta, ko ya zaga rumfunan maƙera a Kiyawa da Jahun da Gujungu, ya kuma dubi kayan da aka baje cikin natsuwa, lalle zai tarar da yawa daga cikinsu sun taɓa yin wata rayuwa kafin wannan: gwangwanin madara ya zama fitilar aci-bal-bal, tsohuwar taya ta zama takalmi, tiyub ɗinta ya zama guga, gangar mai ta zama kurfoti, gwangwanayen lemo kuwa maƙeran fari sun narke su sun zuba tukwane da ludaya. Wannan hikima ce nake nufin in yi bahasi a kanta, domin tarihi ya nuna akan sami mai ilimin handasa, wato injiniya, ya ajiye aikinsa ya koma harhaɗa tarkace yana ƙera kayan ƙawa, ya kuwa kamata mu auna al'amarin da mizaninmu tun kafin 'ya'yanmu da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da kwalejojin fasaha na Dutse da Kazaure su zo mana da shi har cikin zaure.

Mashahurin misali shi ne Alexander Calder, mutumin Amurka, wanda ya sami digirin injiniyan na'urori a 1919, ya yi 'yan shekaru yana sauya wuraren aiki, har da ɗakin wutar jirgin ruwa, kana ya shiga makarantar zane a 1923, ya tafi Faris a 1926, inda ya soma ƙera 'yan mutum-mutumin wasa da waya da tsumma da guntayen katako da toshiyar kwalba. Amma abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne fallayen ƙarfe da ya rataya a jikin waya, kowane ya daidaita da ɗan'uwansa a nauyi, ta yadda iska kaɗan za ta sa su riƙa juyawa ba tare da sun rikice ba. Wanda ya san hisabin nauyi da ma'auni kuwa zai gane nan take cewa handasar da aka ce ya bari ita ce ke riƙe da aikin baki ɗaya. A wurina nan ne asirin mas'alar yake: mutum yana iya barin ofis da albashi, amma ilimin da ya zauna a ƙirji ba ya barin mai shi, sai dai ya sake riga. Magabata ma ba su raba biyun ba, domin al-Jazari, wanda ya kammala littafinsa na na'urori a 1206, ya ƙera agogon ruwa mai siffar giwa wanda ke faɗin sa'a daidai, yana kuma faranta ran mai kallo.

A nahiyarmu, El Anatsui, ɗan Gana wanda aka haifa a 1944 ya kuma soma koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975, ya ɗauki murafun gwangwanin madara da na kwalaben barasa, shi da almajiransa suka daddage su, suka ɗinke dubbai da wayar tagulla har suka zama kamar manyan mayafai na alharini, aikin da ya jawo masa babbar lambar girmamawa a birnin Fenis a 2015. Romuald Hazoumè na Jamhuriyar Binin kuwa jarkokin da ake fasa-ƙwaurin fetur da su daga Nijeriya ya mayar fuskoki. Darasin da ke cikin aikin mutanen nan biyu shi ne ba su tsinci tarkace don arha kawai ba: kwalbar barasa tana tuna cinikin bayi da aka yi da ita a gaɓar teku, jarka tana tuna wuyar da talaka ke sha a kan babur, saboda haka abin da aka yar ya zama shaida mai ba da labarin mutanen da suka yar da shi.

To, idan muka komo gida da wannan ma'auni, za mu ga cewa asalin fannin yana nan tare da mu, suna kawai muka hana shi. Yaron da ya lanƙwasa langa-langa ya yi mota, ya yanko tayoyinta daga tsohon silifa, ya ɗaura mata sitiyari mai juyawa, ya warware matsalolin da ɗalibin handasa ke warwarewa a takarda. Matar da ta warware zaren buhu mai launi ta naɗe faifai da shi ta haɗa kaba da roba cikin tsari guda. Muna kiran wannan dabarar talaka, mu kira na Turai fasaha, alhali kuwa bambancin da ke tsakaninsu bai wuce ɗakin nuni da mai saye ba. Shari'a ma tana tare da mai raya kaya, tun da ta hana israfi da almubazzaranci, ya kuma tabbata cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana gyara takalminsa yana ɗinke tufarsa da hannunsa.

Sai dai adalcin nazari ya wajabta a faɗi aibi kamar yadda aka faɗi falala. Da fari, wannan fanni yana da sauƙin ruɗi, domin kowa na iya manna tarkace a allo ya ce ya yi fasaha, ga shi kuwa aikin da ba shi da itƙani, walda ba ta kama ba, ma'ana ba ta fito ba, juji ne aka ɗauke daga waje aka shigo da shi ɗaki. Na biyu, sai an binciki asalin kayan, saboda a cikin abin da 'yan gwangwan da 'yan jari-bola ke tarawa akan sami wayar wuta da ƙarfen gada da aka sato, kuma ƙona waya da fasa batir suna cutar da huhu da jini. Na uku, malamanmu na Malikiyya sun haramta ƙera cikakkiyar surar mai rai wadda ke da inuwa, sun yi sauƙi a kan itatuwa da zayyana. Wannan iyaka kuwa ba ta ƙuntata wa muhandisi ba, domin dagi, da aska takwas ta babbar riga, da adon bangon fadar Sarkin Dutse a Garu, duka hisabi ne na layi da kusurwa, wanda shi ya fi kowa saninsa.

Na huɗu shi ne mafi nauyi. Sana'o'in da al'umma ba ta tsayuwa sai da su farilla ce ta kifaya, jiharmu da aka ƙirƙiro a 1991 kuwa, wadda ambaliya ke cinye mata gonaki da gadoji kamar yadda aka gani a 2022, ba ta wadatu da injiniyoyi ba har ta yi kyauta da su. Saboda haka wanda zuciyarsa ta karkata ga wannan hanya ya tambayi kansa ko gudun wahala ne ko kuwa baiwa ce ta gaskiya, ya kuma tanadi abin da iyali za su ci, tun da masu sayen kayan ƙawa sun fi yawa a Legas da Abuja.

Hukuncin da na tsaya a kai shi ne, barin aikin injiniya ya halatta ga wanda zai tafi da iliminsa ya zauna a gindin maƙera a matsayin almajiri, ya koyi sirrin wuta da zubi daga wurinsu, su kuma su koyi awo da kiyaye lafiya daga wurinsa. Ranar da aka rataya aikin irin wannan haɗin gwiwa a wani zaure a Dutse, da sunan maƙerin Shuwarin a rubuce kusa da na injiniyan, ranar ce za mu biya bashin da mai aci-bal-bal ya daɗe yana bin mu.