Littafin da Ba Ya Magana: Nazarin The Arrival a Darasin Tarihin Ƙaura

Uwar da ke koyar da 'ya'yanta a gida a Amurka tana fuskantar abin da malamin aji bai cika gamuwa da shi ba: ɗan shekara 6 da 'yar shekara 14 a tebur guda, darasin kuma ɗaya. A nan ne littafin The Arrival, wanda Shaun Tan ɗan Ostireliya ya fitar a 2006, yake da amfani, domin babu kalma ko ɗaya da za a karanta a cikinsa. Zane ne tsantsa.

Tauraron labarin magidanci ne da ya bar matarsa da 'yarsa ya haye teku zuwa wani birni. Rubutun da ke allunan birnin ƙirƙirarre ne, don haka mai karatu ma ya zama baƙo. Inda mutumin ya sami aikin liƙa takardun talla, ya liƙa su a juye aka sallame shi, ƙaramin yaro zai yi dariya; yayarsa kuwa za ta gane cewa rashin sanin harshe kan raba mutum da abincinsa. Shafi ɗaya ya ciyar da su duka biyu, kuma wannan gwaninta ce ta gaske.

Sai dai tarihi yana buƙatar suna da shekara, littafin kuwa ya ƙi ba da su. Zauren da ake duba lafiyar baƙi ya yi kama da na tsibirin Ellis, inda kimanin mutum miliyan 12 suka bi tsakanin 1892 da 1954, aka mayar da kusan kashi 2 cikin 100 kawai. Tauraron Tan ya wuce lafiya, kusan duk wanda ya tarar ya taimake shi. Yaron da ya tsaya a nan zai ɗauka ƙofa a buɗe take ga kowa. Ba zai ji labarin dokar 1882 da ta hana leburori Sinawa shiga ba, ko tsibirin Angel a Kalifoniya, inda daga 1910 zuwa 1940 aka riƙa tsare baƙi makonni, wasu watanni. 'Yan Afirka da aka kai cikin sarƙa kuwa ba su da gurbi a irin wannan labari, tunda ba su ɗaure kaya da kansu ba.

A ganina littafin ya wadatar da ƙaramin yaron. 'Yar shekara 14 kuwa, dole a ajiye mata dokar 1882 kusa da shafin zauren nan, a tambaye ta wane ne Tan bai zana ba.