Hoton da Ke Rawa: Nazari a Kan Bidiyon Cikin Motar Tsere

Akwai wani nau'in bidiyo da ba shi da jarumi, ba shi da labari, sau da yawa ma ba a cewa uffan a cikinsa. Kyamara ce ɗaure a bayan kujerar direba, tana kallon hannu biyu a kan sitiyari da kwalta tana kwararowa ta gilashin gaba, sai ƙugin injin. Masu zuwa filin tsere da motocinsu a Turai da Amurka da Japan sun daɗe suna ɗaukarsa, kuma babban abokin gabarsu tun farko shi ne jijjiga. A ganina yaƙin da suka yi da ita shi ya ba sana'ar siffarta, kuma nasarar da aka samu a kanta daga baya ta zo da asara.

'Yan fim ne suka buɗe hanya. John Frankenheimer ya ɗaura manyan kyamarori a jikin motoci don fim ɗinsa Grand Prix na 1966. A 1970 an saka mota Porsche 908 ɗauke da kyamarori cikin ainihin tseren awa 24 na Le Mans, domin fim ɗin Steve McQueen. Talabijin ta biyo baya: tashar Channel Seven ta Ostireliya ta nuna hoto kai tsaye daga cikin motar Peter Williamson a tseren Bathurst na 1979, gasar Formula 1 kuma ta yi nata a Jamus a 1985. Duk wannan aikin masu kuɗi ne. Mai ƙaramin ƙarfi bai shigo ba sai da kyamarar hannu ta yi araha, musamman bayan fitowar kaset ɗin MiniDV a 1995.

Sai dai wannan kyamara an ƙera ta ne don biki da yawon buɗe ido, don hannun mutum mai ɗan rawa a hankali. A cikin motar da aka ƙara wa shokozoba tauri, kowane sashe nata yana da irin tasa cutar. Kan da ke rubutu a kaset yana juyi sau 9,000 a minti, yana zana layukan da ba su kai kaurin gashi ba. Taya ta hau dakalin kwana da ƙarfi, hoto ya farfashe. Da aka koma masu faifan ajiya irin na kwamfuta, sai aka tarar suna da na'urar kariya da ke zaton kyamara faɗuwa take yi, ta tsayar da ɗauka ana tsakiyar zagaye. Na'urar daidaita hoto, wadda aka yi don ta gyara rawar hannu, takan rikice da kakkarwar injin mai sauri, ta ƙara dagula abin. Mafi muni shi ne na kyamarorin CMOS, waɗanda ke karanta hoto layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa: kafin a kai layin ƙarshe kyamara ta gusa, sai ka ga sandar fitila ta lanƙwashe, titi yana lilo kamar inuwa a cikin randar ruwa. Tsofaffin CCD, masu kama hoto gaba ɗaya a lokaci guda, ba su da wannan ciwo, shi ya sa wasu suka daɗe suna riƙe da su.

Maganin da aka gano ya saɓa wa tunanin farko. Sabon shiga yakan tara soso da roba a ƙarƙashin kyamara don ta ji laushi, nan kuwa sai ta samu damar yin tata rawar daban da ta mota. Gwanaye suka koma ɗaure ta tam a jikin ƙarfen kariya da gajeren hannu, su ƙara igiyar tsaro kamar yadda filaye da yawa suke shar'antawa. Sukan kashe na'urar daidaita hoto, su buɗe kyamara a mafi faɗin kallonta, su kafe saitin nisa da hannu don kada ta shagala da ƙurar gilashi. Haske ma sai an zaɓa, domin ciki duhu ne waje rana. Makirufo kuwa a ɓoye shi daga iska, kusa da salansa.

Abin da wannan ɗauri ya haifar shi ne ainihin darajar nau'in. Da kyamara ta zama ɓangaren mota, sitiyari da hannun direba suka tsaya cak a hoto, duniyar waje ce ke girgiza. Jijjigar ƙarya, wadda lahanin na'ura ya jawo, ta tafi. Ta gaskiya ce ta rage, wato abin da taya ta taka da abin da ƙashin bayan direba ya ji. Dubi bidiyon Stefan Roser a cikin Ruf CTR a kan Nordschleife na Nürburgring, hanyar da ta haura kilomita 20, ko zagayen Ayrton Senna a Monaco a 1990. Hotunan ba su da tsabta ko kaɗan, amma mai kallo yana ganin inda bayan mota ya so ƙwacewa da yadda hannu ya taro shi. Mujallar bidiyo ta Japan, Best Motoring, ta ƙara wata kyamara a kan ƙafafu, don a ga lokacin da aka taka birki da lokacin da aka koma totur. Wannan karatu ne, kuma dalilin da ya sa direba yake komawa gida ya zauna gaban allo ke nan: yana neman inda ya yi saurin shiga kwana.

Mai shirya fim Lelouch ya nuna kishiyar haka tun 1976. A gajeren fim ɗinsa na gudu a titunan Paris, kyamarar tana gaban Marsandi ne, ƙarar kuwa ta Ferrari ce aka ɗora daga baya. Yana da ban sha'awa, amma babu direban da zai koyi komai daga gare shi.

Yau ƙananan kyamarori irin GoPro sun ture kyamarar hannu, kuma tun 2018 da aka fito da tsarin HyperSmooth hoto yakan fito sumul. Ban raina wannan ba, ya sauƙaƙa wa dubban mutane. Damuwata ita ce manhajar ba ta tantance jijjigar ƙarya da ta gaskiya. Tana yanke gefen hoto, tana jinkirta juyawa, har sitiyari ya riƙa shawagi a allo alhali a mota bai motsa ba. Gudun kilomita 200 a awa sai ya yi kama da na 80, dakalin da ya kusa jefar da mota ya wuce ba a gan shi ba. Mai son kwatanta zagayensa na safe da na yamma yana buƙatar firam ɗin da bai gusa ba, don haka har yanzu akwai masu koyar da tuƙin tsere da ke cewa ɗalibi ya kashe wannan tsari, ya ƙara ɗaure kyamarar da kyau kafin ya fita.